Bututun Sama: Yadda Hayaƙi Ke Ɗura Bindigar Soja

Ina magana da ku daga nan Goron Dutse, cikin birnin Kano.

Yau zancen bindiga za mu yi. Kada gaban kowa ya faɗi. Shirin nan ba zai koya wa kowa ƙira ba, ba zai koya wa kowa harbi ba. So muke mu san abin da kullum muke jin sunansa a labarai. An kama wane da AK-47. An ƙwato AK-47 guda kaza a daji. Sunan ya zauna a bakin yara da manya. Amma kaɗan ne suka san abin da ke cikinta.

Ga tambayar da za mu bi. Bindigar nan an zana ta a 1947. Ƙasar da ta ƙera ta, Tarayyar Sobiyat, ta wargaje tun 1991. Wanda ya zana ta ya mutu. To me ya sa ita ta ƙi mutuwa? Me ya sa har gobe take tashi a dajin Zamfara da na Birnin Gwari, cikin ƙura da ruwa, a hannun wanda bai taɓa shiga bariki ba?

Amsar tana jikin wani ƙarfe da ake kira fistin. Ku riƙe kalmar nan, fistin. Za mu yi ta komowa kanta.

Bari mu fara daga gida.

Kano ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Wanda ya hau Goron Dutse zai hango Dala, ga ta can. Labarin da muka gada ya ce wani maƙeri daga Gaya, mai suna Kano, shi ya zo gindin Dala neman tama. Bindiga ma ta daɗe a garin nan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaronsa. Har yau suna nan. Duk wanda ya je kallon Hawan Daushe ya ji su.

To, in Allah ya kai mu Salla, ka ɗan bar kallon dawakai. Ka kalli hannun ɗan bindiga guda ɗaya. Zai tsayar da ita a ƙasa, bakinta a sama. Ya zuba albarushi. Ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya sake dannawa. Ya gyara wurin da wuta za ta kama. Sa'an nan ya ɗaga, ya ɗan kau da kai, ya ja kunama. Dum! Farin hayaƙi ya turnuƙe, yara su watse suna dariya. Shi ke nan, bindiga ta zama sanda. Sai ya sake ɗuri daga farko.

Wannan ɗurin shi ne matsalar da maƙeran bindiga na duniya suka yi ƙarnoni suna kokawa da ita. Harbi ɗaya, ɗuri ɗaya. Tsakanin harbi da harbi, mai bindiga ba shi da komai.

Da farko aka haɗa albarushi da dalma da abin kunna wuta cikin kwanson tagulla guda. Shi ne harsashin da muka sani. Daga nan aka yi wa bindiga sakata a bayan bututu. Soja ya ja sakata baya, kwanso ya fita. Ya tura ta gaba, sabon harsashi ya shiga. An samu sauri, amma har yanzu hannun mutum ke aikin.

Sai wani Ba'amurke mazaunin Ingila, Hiram Maxim, ya fito da mashinga a 1884. Tasa ba ta jiran hannu. Naushin da bindiga ke yi baya in an harba, shi ya sa ya riƙa ɗura mata. Kanawa sun ga aikinta da idonsu. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Morland na sojan Turawan Ingila ya iso ganuwar Kano da igwa da bindigogin Maxim, Sarki Alu yana Sakkwato. Ta nan yammacin gari suka shigo, wajen Ƙofar Kabuga, ba nisa da inda nake zaune. Amma Maxim kaya ce. Tana da ƙafafu, ana zuba mata ruwa don ta huce, sai mutane da yawa sun taru a kanta. Abin da sojojin duniya ke mafarki shi ne bindiga mai ɗura kanta wadda mutum ɗaya zai rataya.

Yanzu mun zo kashi na biyu, kuma shi ne zuciyar shirin. Ku matso da rediyo.

Ka bi titin Aminu Kano, ka tsaya wurin kowane bakanike mai gyaran babur. Ka ce ya nuna maka fistin. Zai miƙo maka wani dunƙulen ƙarfe, kansa ya yi baƙi. Ka tambaye shi aikinsa. Zai ce maka fetur na kamawa da wuta a cikin inji, hayaƙi mai zafi ya kumbura, ya rasa wurin fita, sai ya tura fistin. Fistin ya motsa, taya ta juya. Wuta, hayaƙi, turi. Iyakarta ke nan.

Haka yake a bindiga. Wuta, hayaƙi, turi.

In an ja kunama, wata allura takan bugi gindin harsashi. Albarushi ya kama. Hayaƙi mai tsananin ƙarfi ya kori kan harsashi cikin bututu. Da can, duk hayaƙin nan bin harsashi yake ya fita ta baki, ya tafi a banza. Sai injiniyoyi suka ce, me zai hana mu ɗebi kaɗan mu sa shi aiki?

Sai suka huda 'yar ƙaramar ƙofa a saman bututu, can wajen gaba. Da harsashi ya wuce ƙofar, wani ɓangare na hayaƙin sai ya haura sama. A can saman akwai bututu na biyu, gajere. A cikinsa fistin ke kwance. Hayaƙi ya nausa kan fistin. Fistin ya ruga baya, ya ja sakata. Sakata ta ɗan murɗa, ta buɗe, ta fizgo kwanson da aka harba, ta jefar da shi gefe. A bayanta akwai sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai turo abu in an matse ta. Sifirin ya maido da komai gaba. A hanya sakata ta ɗauko sabon harsashi, ta tura shi ciki, ta kulle.

Bari in maimaita, don na san wani ya tashi ɗauko shayi. Hayaƙi ya tura harsashi. Kaɗan daga hayaƙin ya haura sama. Ya bugi fistin. Fistin ya ja sakata. Tsohon kwanso ya fita, sabon harsashi ya shiga. Duk wahalar da ɗan bindigar Sarki ke sha da tsumma da sanda, hayaƙi ya ɗauke ta. A AK-47, wannan zagayen yana faruwa wajen sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Wato kusan 600 a minti.

Mai tunani zai tambaya, don me aka kai ƙofar can gaba? Don lokaci. In sakata ta buɗe harsashi bai fita ba, wutar da ke ciki fuskar mai harbi za ta nufa. Dole harsashi ya riga fita, ƙarfin hayaƙi ya ragu, kafin sakata ta saki. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma a kanta ran soja ya rataya, kuma a kanta injiniyoyi suka fi zubar da gumi.

Wannan bututu na biyu ba ɓoyayye ba ne. Ran da kuka tsaya a shingen bincike, ku saci kallon bindigar ɗan sanda, daga nesa dai, cikin ladabi. Za ku ga katakonta ya koɗe don gumin hannu. Wani lokaci za ku ga an naɗe gidan harsashi da salatif. A gefen dama akwai wani faffaɗan ƙarfe mai hawa da sauka. In yana sama, a kulle take. A tsakiya, ɓarin wuta. A ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. To ku dubi gaba, bisa doguwar hancinta. Za ku ga bututu biyu, ɗaya kan ɗaya. Na ƙasa na harsashi ne. Na sama ɗakin fistin ne.

Kashi na uku. Wa ya ƙago wannan dabara?

Ba mutum ɗaya ba ne. Ana ba da labarin wani maƙerin Amurka, John Browning, wai wajen 1889 ya lura da yadda iskar bakin bindiga ke kwantar da ciyawa, ya ce wannan ƙarfi ne ke tafiya a banza. Wani janar na Meziko, Manuel Mondragón, ya zana bindigar kafaɗa mai aiki da hayaƙi, sojan ƙasarsa suka karɓe ta a 1908. Amurka ta ba sojojinta M1 Garand daga 1936, ita ma da fistin. Duk waɗannan manyan harsasai suke ci, masu zuwa nesa ƙwarai. Ka sa irin wannan harsashi a ɓarin wuta, bindiga sai ta riƙa tsalle a hannu, baki ya nufi sama.

Jamusawa ne suka lura da wani abu a Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin artabu ba ya wuce tazarar mita 300 zuwa 400. To me ya sa soja zai ɗauki harsashin da aka yi don kilomita guda? Sai suka gajarta harsashi. Naushi ya ragu, nauyi ya ragu, soja ya ɗauki da yawa. Bindigar da suka yi masa ita ce StG 44, ta 1944, aikin wani injiniya mai suna Hugo Schmeisser. Daga kanta aka samu jinsin da ake kira bindigar farmaki. Alamunta uku ne. Matsakaicin harsashi. Gidan harsashi da ake cirewa a sa wani. Da zaɓi tsakanin harbi ɗai-ɗai da ɓarin wuta.

Rashawa ma sun yi nasu matsakaicin harsashin a 1943, wanda ake kira 7.62 sau 39. Kaurinsa da tsawon kwansonsa ke nan a milimita. Saura bindiga. Aka sa gasa.

A nan Mikhail Kalashnikov ya shigo. Ɗan manoma ne, an haife shi a 1919 a ƙauyen Kurya, yankin Altai. Sajan ne a tankar yaƙi. An raunata shi a 1941, wajen Bryansk. Ba shi da digirin injiniya. Ya yi zane-zane da dama aka ƙi su. A ƙarshe, tare da abokan aiki irin su Aleksandr Zaitsev a garin Kovrov, ya fito da samfurin da ya ci gasa. Ita ce AK-47: harafin A, mai sarrafa kanta. Harafin K, Kalashnikov. Lamba 47, shekarar. Sojan Sobiyat suka karɓe ta a 1949, aka shiga ƙera ta a birnin Izhevsk.

Za ku ji masu cewa ai kwafar ta Jamus ya yi. Gaskiya a ido sun yi kama, kuma gaskiya ne an kai Schmeisser Izhevsk bayan yaƙi. Amma in an buɗe cikinsu, kullewar sakatarsu daban ce. Ta Jamus karkacewa take, ta Kalashnikov murɗawa take, irin ta Garand ta Amurka. Ni a ganina, gwanintar Kalashnikov ba a ƙago sabon abu take ba. Ya tsinto dabaru daga nan da can, ya haɗa su don mutum ɗaya da ya sani sarai. Ƙaramin soja ɗan ƙauye, mai ɗan horo kaɗan, hannunsa cikin safa saboda sanyi, yana kwance cikin taɓo.

Ga abin da ya yi wa wannan soja. Ya haɗe fistin da abin da ke ɗauke da sakata suka zama ƙarfe guda, mai nauyi. In hayaƙi ya tura shi, ba ƙaramin datti ke tsayar da shi ba. Ya bar sarari tsakanin ƙarafan da ke motsi, bai matse su ba. Yashi ya shiga, ya sami wurin raɓewa, ƙarfe ya wuce. Ya ba fistin hayaƙi fiye da wanda yake bukata, don ko ta yi datti ta tashi. Shi kansa kwanson harsashin tsukakke ne ta gaba, faffaɗa ta baya, shi ya sa ba ya yawan maƙalewa. Kuma shi ya sa gidan harsashin AK ya lanƙwashe. Ka jera abu 30 masu tsukakken kai, dole layin ya tanƙwara. Ba don ado aka yi ba.

Ƙarfe mai nauyi, sarari a tsakani, hayaƙi mai yawa. Ku riƙe ukun nan. Babu laya a ciki, babu asiri. Shawara ce wasu mutane suka yanke a kan teburin zane.

Kowace shawara kuwa da kuɗinta. Wannan ƙarfe mai nauyi da ke kai-komo a saman bututu yana girgiza bindiga. Sararin da ke hana ta maƙalewa yana rage mata saiti. Bayan mita 300, AK ba gwana ba ce. Masu zanen sun sani. Sun zaɓi wadda za ta tashi kullum a kan wadda za ta sami tsakiyar bara daga nesa.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna zancen fistin ne a bindigar soja. Mun shiga kashi na huɗu, sauran gidajen bindiga.

Irin na AK ana ce masa fistin mai doguwar tafiya, don yana raka sakata har ƙarshe ya dawo da ita. Akwai kuma mai gajeriyar tafiya. Shi naushi ɗaya yake yi wa mai ɗauke da sakata, ya tsaya, sauran tafiyar ta ƙarasa da kanta. Girgiza ta ragu, saiti ya ƙaru, amma ƙananan sassa sun yi yawa. Misalinsa shi ne FN FAL, wadda Dieudonné Saive ya zana a Herstal ta ƙasar Beljiyam, ta fito a farkon shekarun 1950. Tsofaffin sojojinmu sun san ta. Doguwa ce, mai nauyi, babban harsashi take ci. Har da wani ɗan zobe gare ta da soja zai murɗa ya ƙara ko ya rage hayaƙin da ke zuwa ga fistin. Ita kuwa G3 ta Jamus, wadda ita ma sojojinmu suka daɗe da ita, ba ta da fistin sam. Wata hanya ce daban.

Sai Amurka. Injiniyansu Eugene Stoner ya ce a cire wannan ƙarfe mai kai-komo a saman bututu. Ya sa siririn bututu ya kai hayaƙi kai tsaye har cikin ɗakin sakata. Bindigarsa ce ta zama M16. Ba ta da nauyi, tana da saiti. Amma hayaƙi da toka da zafi duk a cikinta suke sauka. Da aka kai ta yaƙin Biyetnam, an canza irin albarushin, ba a raba wa sojoji isassun kayan goge ta ba, ga danshin daji. Sai ta riƙa maƙalewa a tsakiyar faɗa. Sojoji suka mutu da bindiga a hannu. Har majalisar Amurka ta kafa kwamitin bincike a 1967. An gyara ta daga baya, kuma mu yi mata adalci, jikokinta na aiki lafiya in ana kula da su. Sharaɗin ke nan, in ana kula da su.

Abin ban sha'awa, kamfanin da aka fara zana M16 a cikinsa ya sake zana wata, AR-18, a 1963, wannan karon da fistin mai gajeriyar tafiya. Ba ta yi kasuwa ba. Amma dabarar cikinta ta bazu. Ita ke cikin SA80 ta Ingila da G36 ta Jamus. Daga baya kamfanin Heckler & Koch ya ɗauki jikin bindigar Amurka ya sa mata fistin, ya kira ta HK416. Faransa ta zaɓe ta a 2016 ta zama bindigar sojojinta. Har yau masana na gardama kan wacce ta fi. Gardamar ba za ta ƙare a shirin nan ba.

Mu dawo gida. Kashi na biyar, Kaduna.

A 1964 Nijeriya ta kafa hukumar ƙera makamai, DICON, da masana'antarta a Kakuri, Kaduna. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ne ya kafa injinan. Da farko bindigogin Beretta na Italiya ake haɗawa bisa lasisi, har da BM59, wadda jikar Garand ce, mai fistin. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa masana'antar ta yi aiki ba dare ba rana. Da yaƙi ya ƙare, aiki ya ja baya, har ta koma yin kayan farar hula, irin su kujeru da kayan famfon ruwa. Ta kuma yi nata samfurin FAL. A zamanin Shugaba Obasanjo aka fito da OBJ-006, wadda kwafin AK-47 ce. Daga baya sojojinmu suka sayi Beryl daga Folan, ita ma jinin Kalashnikov ce, kuma a 2018 aka sa hannu kan takardar niyyar ƙera ta a nan gida. A 2023 aka yi wa DICON sabuwar doka.

Wani zai ce, shekara sittin, kuma bindigar da aka ce mai sauƙi ce, me ya hana mu wadata kanmu? To a nan gizo ke saƙa. Sauƙin AK a hannun soja yake. A masana'anta ba haka ba ne. Su kansu Rashawa sun sha wuya. Da farko sun so su yi jikinta da fallen ƙarfe da inji ke bugawa, don arha. Da yawa suka riƙa fitowa a karkace. Dole suka koma sassaƙa jikin daga dunƙulen ƙarfe, aiki mai cin lokaci da kuɗi. Sai a 1959 suka ƙware, suka fito da AKM, mai fallen ƙarfe, wadda ta fi sauƙin ɗauka. Shekara goma ke nan, a ƙasar da ta gama ƙera tankoki dubbai. Ana bukatar ƙarfe mai kyau, da awo na daidai, da gashin ƙarfe na ilimi, da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Mu kuwa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da Rashawan nan suka fara gina mana tun ƙarshen shekarun 1970, har yanzu bai tsaya da ƙafarsa ba. Ƙasar da ba ta narka ƙarfenta, ko wace irin bindiga ta sa wa sunanta, rabin jikinta baƙo ne.

Af, kafin in manta. Yawancin abin da labarai ke kira AK-47 a ƙasar nan ba ita ba ce ainihi. AKM ce, ko ta Sin da ake kira Type 56, ko ta wata ƙasar gabashin Turai. Gida ɗaya ne, harsashi ɗaya suke ci. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce an ƙera wajen miliyan 100 na wannan gida a duniya. Har a tutar Mozambik an zana ta.

Kashi na ƙarshe, kuma shi ne mai nauyi.

Ku tuna ukun da na ce ku riƙe. Ƙarfe mai nauyi, sarari a tsakani, hayaƙi mai yawa. An yi su ne don kada bindiga ta ci amanar ƙaramin soja. Amma ƙarfe bai san wanda ya riƙe shi ba. Bindigar da ba ta bukatar ma'aji mai tsabta, ba ta bukatar ƙwararren mai gyara, ba ta bukatar dogon horo, ita ce ta dace da ɗan fashin daji. M16 in ta bar hannun soja, ba da daɗewa ba za ta fara ba da wahala. AK kuwa a binne ta, a tono, a kakkaɓe, ta tashi. Yaƙi ya ƙare, ita ba ta ƙare ba. Sai ta canza hannu, ta tsallaka iyaka, ta shiga wani yaƙin.

Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka buɗe. Kaya suka biyo Sahara, ta arewacin Nijar, suka gangaro. Masu bin diddigin makamai na ƙungiyar Conflict Armament Research sun duba lambobin bindigogin da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara, suka fitar da rahoto a 2020. Wasu daga Libiya suke. Wasu daga rumbun Kwaddibuwa. Wasu kuma, abin takaici, daga ma'ajin jami'an tsaronmu suka zurare. Ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka duk maganar tsare iyaka da ba ta haɗa da ƙirga abin da ke cikin ma'ajinmu ba, rabin magana ce. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a 2006. Nijeriya ta buɗe cibiyar ƙasa ta kula da su a 2021. Takarda dai akwai ta.

Shi kansa Kalashnikov, da tsufa ya zo, ya taɓa cewa da ya fi son a ce abin da zai taimaki manomi ya ƙera. Kafin mutuwarsa a Disamban 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa.

Me doka ta ce? Dokar makamai ta Nijeriya, ta 1959, ta raba bindigogi gida-gida. Ta gargajiya mai ɗuri ta baki ma sai da izini. Bindigar soja irin AK kuwa tana cikin haramtattu ga farar hula. Wanda aka kama da ita, ko da harsashinta, ɗauri ne na shekaru. Wanda aka ba ajiya ma bai tsira ba. Iyaye mata, in wani ya kawo buhu ko jaka ya ce a ajiye masa a ƙarƙashin gado, kada a buɗe, to ku tambaya.

Sai harbi sama, na murna ko na korar taro. Harsashin AK yana barin baki da gudun wajen mita 700 a daƙiƙa. In an harba shi a karkace, yana iya tafiyar fiye da kilomita 2, kuma ya sauko da ƙarfin da zai huda kwanon rufi, ya huda mutum. A birni irin Kano, gida jikin gida, babu inda zai faɗa da ba kowa. Bindigar Hawan Salla albarushi da tsumma ce, ƙara ce da hayaƙi. Wannan kuwa kowane harbi da dalma a bakinsa.

Yara kuma, da 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe. In kun ga harsashi a bola ko a kwata, mai kai ko marar kai, kada ku buga shi da dutse. Kada ku jefa shi a wuta. Ko ya yi tsatsa, ko ya shekara a ƙasa, albarushin cikinsa na iya kamawa. Ku bar shi inda yake. Ku faɗa wa babba, shi kuma ya faɗa wa mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.

A nan za mu dakata. Daga Goron Dutse, ku huta lafiya.